Biyu a Gaban Suruki

Ba a cika shekara biyu da komawar soja bariki ba ɗan acaɓa ya banke surukina a bakin titin Kabara, yana dawowa daga sallar La'asar. Ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye har ya huda fata. Sunansa Malam Jibril. Na faɗa sau ɗaya ne don a san wanda ake magana a kai. Ni Baba nake ce masa, shi kuma Baban Nana yake ce mini, da sunan 'yata ta fari. Shekara goma sha tara ina aure da 'yarsa Habiba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Bafulatani ne. Kakansa ne ya ajiye sanda ya zauna a birni, amma halin bai bi shanun ya tafi ba.

Ni sunana Gwadabe. Bakanike ne, injin markaɗe da injin ban ruwa nake gyarawa a Koki. Na yi allo, boko kuwa daga aji uku na fita, amma lamba ba ta yi mini gardama.

Aka yi masa aiki a asibiti, aka ɗinke ciwon, aka naɗe ƙafar tun daga yatsu har cinya da farar filastar nan mai tauri kamar siminti. Sai maganar jinya ta taso. Ɗakin maza ne, mace ba ta zama. Ɗansa namiji guda ɗaya, Fa'izu, yana aiki a Fatakwal, kwana uku aka ba shi ya koma. Dangi suka ce a raba kwanakin tsakanin maƙwabta da 'yan uwa. Na ce ban yarda ba. Mutumin da ya ba ni 'ya bai tambaye ni abin da na mallaka ba, ba za a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu kamar buta ba. Na rufe shago, na naɗe tabarma.

Habiba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Anya Baba zai sake da kai?"

Na ce mata ciwo bai san suruki ba. Da ma an san ni, in na kafe sai dai a bi ta gefe.

A lokacin asibitin ya shigo da wani sabon abu. Bayan awon zafin jiki da na jini, sai nas ta ciro wani kwali mai fuskoki, daga mai murmushi har mai hawaye, da lambobi a ƙasa daga sifiri zuwa goma. Sifiri ba ciwo, goma kuwa ciwon da babu na gaba da shi. Sau huɗu a rana ake tambaya, a rubuta a takardar da ke rataye a gindin gado. Nas ɗin da ta fi zuwa kanmu, Sista Sa'adiyya, ta ce mini sabuwar gwamnati ce ta kawo shi. Duk ƙarshen wata mutanen ma'aikatar lafiya suna zuwa su duba takardun, da su ake gane ɗakin da ake kula da marasa lafiya da wanda aka bar su suna shan wahala. Abin ya burge ni. Na ce yanzu aka zo wurin. Ni ma ba na yarda da mai inji in ya ce mini lafiya lau yake, sai na ga abin da geji ya nuna.

Ranar farko da ta miƙa wa Baba kwalin, ina zaune a benci wajen ƙafarsa. Ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Ta ce, "Baba, takardar ba ta da gidan da sauƙi. Lamba take so." Ya kalli bango, sannan ya ce, "Biyu."

Ta rubuta biyu. Da azahar biyu, da la'asar biyu. Washegari ma haka. Kullum in Habiba ta kawo abinci ta tsaya daga baranda, don ita ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, sai in fito in ce mata yau ma biyu ne. A gadon da ke kusa da mu akwai wani ƙaton direban tifa da ya goce kafaɗa, kullum goma yake cewa, har da kiran sunan uwarsa. Ina kallonsa ina jin kunya a madadinsa. Har na taɓa ce masa ya dubi tsoho ya koyi zama namiji.

Akwai abubuwan da na gani da idona a kwanakin nan. Na ga yadda yake damƙe carbi har ƙwayoyin su fito a tafin hannunsa. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali fanka na juyawa. Abinci ya ragu zuwa loma uku. Kuma ba ya yini bai aike ni ba. Baban Nana, ba ka leƙa shago? Baban Nana, yaran nan fa suna son ganinka. Baban Nana, ko za ka samo mini goro daga Kurmi, na bakin asibiti ba shi da kyau. Ni kuwa sai in ce babu inda za ni. Goro ma sai in ba wani ya sayo. A raina ina cewa, dubi dattako, yana kwance yana tunanin shagona.

Ranar Juma'a, kwanansa shida a gado, Alhaji Mustafa ya zo. Babarbare ne, mai sayar da turare a Kurmi, abokin Baba tun suna samari. Kowa ya san wasan Fulani da Barebari, kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Ina bawan nan nawa? Fillo, kakanninka sun bi saniya shekara dubu ba ta taka su ba, kai babur guda ya gama da kai."

Baba ya ce masa ya matsa can, warin kifin Chadi yana ɗaga masa zuciya. Alhaji Mustafa ya ciro kwalbar turare ya shafa masa a wuya, ya zuba a zanin gado har a kan filastar, ya ce bawa ma in ya kwanta akan kyautata masa. Sannan ya juyo kaina ya ce in tashi in tafi masallaci, mai jinya an ɗauke masa Juma'a, yau kuma shi ne mai jinya. Na so in yi gardama, amma sallah ce. Na tafi, na biya ta shago na ga ba a fasa ba, na dawo bayan la'asar.

Da na ɗaga takardar sai na ga takwas.

Raina ya ɓaci. Na kira Sista Sa'adiyya na tambaye ta wannan fa. Ta ce shi ya faɗa da bakinsa, ta yi masa allura, kuma ta rubuta wa likita ya duba ƙarƙashin filastar. Na ce ƙarya ne, kwana shida ina nan dare da rana ban ji mutumin nan ya yi ko nishi ba. Na ce ta kawo kwalin ta sake tambaya a gabana. Ba ta so ba, amma na ɗaga murya har mutanen ɗakin suka juyo. Ta kawo.

Baba ya kalli bango ya ce, "Biyu."

Na ce to takwas ɗin fa, Baba? Ya ce wasa suke yi da Babarbare.

Alhaji Mustafa ya ja ni baranda. Ya ce, "Gwadabe, wallahi mutumin nan da ka fita hawaye ya yi. Ya ce ƙafar kamar an zuba garwashi." Na yi dariya. Na ce Alhaji, ko a gadon asibiti ba za ka bar Fillo ya huta ba? Ya rantse, na ƙara dariya. Shekara hamsin yana cewa Fulani ragwaye ne, ranar da ya faɗi gaskiya wa zai saya?

Hayaniyar ta jawo shugabar nas ɗin ɗakin, Hajiya Asibi. Mace ce mai aiki, ba zan ci amanarta ba, amma ranar Talata mutanen ma'aikata za su zo, kuma takwas a tsakiyar jerin biyu abu ne da za a tsaya a kai. Ta tambayi Baba da kanta, ina tsaye. Ya ce biyu. Ta ce to mai ciwo ya janye maganarsa, a soke, a soke takardar likitan ma, kada a fasa filasta sabuwa a kan raha. Sista Sa'adiyya ta ja layi siriri a kan takwas ɗin, yadda duk mai ido zai iya karanta shi. Na ga dai na yi nasara.

Ranar Talata suka zo, mutum uku da manyan riguna da wata mata mai tabarau. Hajiya Asibi ta tsaya da su a gadonmu. Suka duba takardar suka jinjina kai. Ɗaya ya ce dattijo mai karaya irin wannan a ce ciwonsa bai wuce biyu ba, lallai ana aiki a ɗakin nan. Ya tambayi Baba jiki, Baba ya ce da sauƙi. Ni har wani daɗi na ji, kamar ni aka yaba.

Daga ranar na lura Sista Sa'adiyya ta canza. Sai ta riƙa aikena. Je ka kantin magani ka karɓo kaza, je ka ɗakin hoto ka tambayo ko sakamako ya fito. Aiken nas ba kamar na Baba ba ne, ba a ba wani. Ina zuwa ina dawowa da gudu. Na kuma ga tana ƙara wani ɗan rubutu a gefen takardar, inda babu layi. Ban tambaya ba. Baba kuwa ya fara zazzaɓi sama-sama, ana ba shi ƙwaya yana sauka. Akwai wani ɗan wari da nake ji in na sunkuya gyara masa zani, amma ɗakin mutum ashirin ne, ga turaren Alhaji Mustafa da yake ƙarawa duk zuwan da ya yi. Na ɗora wa direban tifa.

Juma'a ta zagayo, Alhaji Mustafa ya zo. Na ce wannan karon a masallacin asibiti zan yi, ba zan ba Babarbare filin wasa ba. Ana sallamewa na taso. A baranda na tarar da Sista Sa'adiyya tana jirana da takardar a hannu.

Ta ce, "Malam Gwadabe, an ce ka iya lamba. Zo ka karanta mini."

Ta shimfiɗa ta a kan dakali. Ashe ɗan rubutun gefen nan, harafin sunan wanda ke zaune a wurin take rubutawa duk lokacin da ta yi tambaya. Ta nuna mini harafin da ta sa mini, ta ce in bi shi da yatsa. Na bi. Duk inda harafina yake, biyu ne. Babu uku ko ɗaya. Sau huɗu da ta aike ni ta same shi shi kaɗai, biyar, biyar, shida, shida. Ta ce ko su sai da ya fara kallon ƙofa. Sannan ta sa yatsa a layin ƙarshe, na yau, wanda Alhaji Mustafa ne a zaune. Tara.

Na tsaya ina kallon takardar. In da inji ne aka kawo mini da irin wannan, ba zan yi minti ɗaya ba zan faɗi inda matsalar take.

Na ce, "To me ya hana shi ya faɗa?"

Ta ce, "Kai ka taɓa cin abinci a gabansa?"

Ta naɗe takardar ta ce ta riga ta kai wa likita da kanta, ba ta bi ta kan kowa ba, yanzu za a fasa filastar. Ta ce tana roƙona alfarma guda, in tsaya a nan.

Na tsaya. Ina jin ƙarar zarto daga ciki. Da ƙarar ta ɗauke sai warin ya fito har baranda, turare bai iya da shi ba. Wani mai jinya ya fito da gudu yana toshe hanci. Bayan kamar rabin awa likitan ya fito, Dakta Abdulhakeem, yaro ne a kaina amma ba ya kwana-kwana. Ya ce ɗinkin ya buɗe a ciki, mugunya ta taru, naman ya mutu har ya kama ƙashi. In ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba, abin zai hau jini. Na tambaye shi, in da an buɗe wancan makon fa? Ya dube ni ya ce rai da ƙafa duk na Allah ne. Na ce ba wannan na tambaye ka ba. Ya ce da wataƙila an wanke an bar masa ita.

Baba da kansa ya sa hannu a takardar yarda, da ajami. Alhaji Mustafa ne ya riƙe masa allon da aka ɗora ta. An ce mini bai yi masa wasa ko ɗaya ba.

Da yamma na je gida na gaya wa Habiba. Na same ta a tsakar gida tana goge takalman Baba, waɗanda aka tsinto a titi ranar da abin ya faru. Na faɗa mata duka, har da takwas ɗin da na sa aka soke. Na jira ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba. Ta yi salati, ta ci gaba da goge takalmin da ke hannunta, na hagu ne, ta gama ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar aka yi aikin.

Na naɗe tabarmata daga gindin gado na mayar da ita ƙarƙashin wata darbejiya a harabar asibiti. Jinya ta koma yadda dangi suka ce tun farko. Alhaji Mustafa da rana, maƙwabcin Baba Malam Ɗanladi da wasu biyu suna karɓar sa. Ni aikina ruwan zafi, wankin kaya, layin magani. In na kawo sai in miƙa daga bakin ƙofa in juya. Sau ɗaya a rana nake shiga gaisuwa, in durƙusa, in tashi.

Kwana uku da aikin, na zagayo ta bayan ɗakin da bokitin wanki, tagar gadonsa a buɗe. Sai na ji murya. Ban gane ta ba da farko, don ban taɓa jin ta ba. Siririya ce, tana rawa.

"Tara, 'yata. Tara ne. Ki taimake ni."

Na ji Alhaji Mustafa yana cewa, "Faɗa mata, Fillo, faɗa mata duka, ai bawa ba ya jin kunyar ubangidansa." Na ji Sista Sa'adiyya tana cewa ga allura nan, yanzun nan. Na ajiye bokitin a hankali don kada ya yi ƙara, na koma da baya, na tafi har bakin ƙofar asibiti wajen masu lemo na tsaya. Ban dawo ɗaukar bokitin ba sai da na tabbatar ya yi barci.

Kafin a sallame mu, Sista Sa'adiyya ta mayar da abin ƙa'ida. Ba ta ciro kwali sai ta tambayi mara lafiya, wannan na zaune mene ne naka? In suruki ne, ko ɗan fari, ko ɗalibin malam, sai ta ce ya ɗan ba su wuri. Wasu suna fushi. Na ga wani yana yi mata irin hayaniyar da na yi, na tashi daga gindin darbejiya na je na kama hannunsa na fito da shi. Lambobin ɗakin suka hau. Gadajen da aka saba ganin biyu da uku suka koma shida da bakwai, allura ta riƙa ƙarewa da wuri. Da mutanen ma'aikata suka dawo ƙarshen wata, an ce mini sun ce ɗakin ya ja baya. Hajiya Asibi ce ta tsaya ta amsa musu. Ta ciro takardar Baba ta farko, mai jerin biyu da suka yaba, ta ce mai wannan takardar yana gado na bakwai, su je su ɗaga zani. Ban san abin da suka rubuta ba. Ba a nuna wa irinmu.

Bayan wata ɗaya da kwana tara aka mayar da shi gidansa a Kabara. Sandunan da asibiti suka ba shi sun yi masa tsawo, suna cin hammata. Na samo bututun ƙarfe mara nauyi, na auna da tsohuwar rigarsa da Habiba ta ɗauko mini, na yi masa wasu, na naɗe kan da soso da fata, na sa roba a ƙasa don kada su zame a wurin alwala. Ban kai da kaina ba, Alhaji Mustafa na ba. Ya dawo ya ce Fillo ya ce maƙerin ba laifi.

Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da Baba. Ba kuma za mu yi ba. Likita ya ce irin wannan yankan, ƙafar da babu ita ma takan yi ciwo, wani lokaci har shekaru, kuma Malam Ɗanladi ya gaya mini gaskiya ne, yana jin sa ta katanga.

Ranar da na fara zuwa gaishe shi a gida, na same shi a zaure kan buzu, an rufa masa mayafi daga ƙugu, sandunan suna jingine a bango. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Carbi na hannunsa, na ga yadda ya riƙe shi.

Na ce, "Baba, ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, Baban Nana. Shigo ka zauna mana."

Na ce na bar injin wani a buɗe a shago, mai shi yana jira. Babu wani inji. Ya ce to, to, a gaida yara, Allah ya yi albarka. Bai ce in ƙara ko minti ɗaya ba. Na ɗauki takalmana a hannu, na ja masa ƙofar zauren, na yi sauri na fita daga lungun.